Kwana 9 Kafin Jini: Nazarin Lamarin Wata Mai Koko a Aboabo

Gidanmu na haya ne a Aboabo, cikin Kumasi. Ɗaki 12, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya. A irin wannan zama ko tari ba ya ɓoyuwa, balle kuka. Shi ya sa tun kafin maƙwabciyata ta zo mini da maganarta na riga na lura akwai wasu kwanaki a kowane wata da muryarta take sauyawa. Ta yarda in rubuta wannan bisa sharaɗin kada in kama sunanta, don haka zan riƙa ce mata Mai Koko, kamar yadda rabin unguwa ke kiranta.

Shekarunta 34, 'ya'yanta uku, autan ya shekara huɗu. Mijinta direban babbar mota ne, yana jigilar kaya tsakanin Kumasi da Bawku, sai ya yi kwana biyar ko shida bai kwana gida ba. Uwar mijin, Hajiya, tana ɗakin da ke kallon nata. Sana'arta koko da ƙosai a bakin titi. Ƙarfe 3 na dare take tashi ta hura wuta ta dama gasara, ana sallame sallar asuba tana wurin sayarwa, ba ta dawowa sai wajen ƙarfe 10. Daga nan sai jiƙa gero, sai layin inji, sai tata, sai girkin gida. Ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce, kuma na girme ta, Yaya take ce mini.

Abin da ya kawo ta ɗakina ya faru ne wata safiyar Alhamis. Babbar 'yarta, mai shekara 12, ta zubar da sukari a ƙasa, bai fi cikin gwangwanin madara ba. Mai Koko ta ɗauke ta da mari, irin marin da ya sa duk tsakar gida aka yi tsit. Sai kuma ta zauna a kan turmi ta kifa kai a gwiwa tana kuka kamar an aiko mata da mutuwa. Bayan kwana huɗu na gan ta tana yi wa yarinyar kitso suna dariya, ta ma sayo mata sabon hijabi daga kasuwar Asawase don wanke laifi.

Hajiya ta yanke hukunci tun tuni: iska ce, ko kuma wata abokiyar sana'a ce ta sa mata hannu. An karɓo rubutu, an yi hayaƙi. Maigidan kuwa cewa ya yi raini ne, har ya fara furta cewa in ba za ta iya zama lafiya ba ta je gida ta huta. Duk macen da ta yi aure ta san inda irin wannan hutu yake kaiwa.

Da daddare ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ta ce, "Yaya, wallahi wani lokaci ji nake kamar ba ni ba ce. Ko dai da gaske an yi mini wani abu?"

Na ce, "Ƙanwata, yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe?"

Ta dube ni da mamaki. "Me ya haɗa wannan da wannan? Ai ranar da na mari yarinyar nan ina da tsarki, salla nake yi."

A wannan amsa tata matsalar take kwance, kuma na sha jin irinta a bakin mata. Mu lissafin al'ada da jini muke yin sa, domin shi ne ke da hukunci: yaushe za a ajiye salla, yaushe za a yi wanka, azumi nawa za a rama. Ciwon mara na ranar farko kowa ya san na al'ada ne. Amma kwanakin da ke gaban zuwan jini, mace tana salla tana azumi, babu wanda yake danganta su da al'ada. Abin da aka kasa gano tushensa kuwa, a wajenmu, ba ya daɗewa ake miƙa shi ga aljanu.

Likitoci suna da suna ga wannan hali, PMS suke ce masa a taƙaice, wato tarin alamomin da ke riga jinin al'ada zuwa. Wani likita a New York, Robert Frank, ya bayyana shi a rubuce a 1931. A 1953 kuma Katharina Dalton da Raymond Greene a Ingila suka ba shi sunan da ake amfani da shi yau. Ita Dalton a jikinta ta fara gano abin: ciwon kan da ke addabarta kafin al'ada ya ɗauke lokacin da take da ciki. Da na ba Mai Koko wannan labari sai ta yi shiru, can ta ce ita ma ba ta taɓa samun kwanciyar hankali irin ta watannin ciki da farkon goyo ba.

Yadda abin yake shi ne, bayan fitar ƙwai, kimanin kwana 14 kafin jini, sinadarin furojestaron yana hauhawa a jikin mace, sannan shi da istirojin su sauka gab da zuwan al'ada. Wannan hawa da sauka yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu riƙe da natsuwa da barci da sha'awar abinci, musamman sirotonin. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1998 ya nuna cewa matan da ke fama da wannan ba su fi sauran mata yawan waɗannan sinadarai ba, jikinsu ne ya fi jin sauyin. Shi ya sa babu gwajin jini da zai nuna shi. Hanyar gane shi ɗaya ce: a rubuta alamomi kullum, aƙalla zagayen al'ada biyu, a ga ko suna zuwa kafin jini suna ɗaukewa bayan ya fara. Haka ƙungiyar likitocin mata ta Birtaniya ta tsara, kuma da shi muka fara.

Littafin bashi

Mai Koko ba ta yi nisa a boko ba, amma babu mai cin ta ko kwabo. Tana da wani littafi mai baƙin bango, gefensa duk ya sha mai, inda take rubuta masu shan koko bashi. A bayansa muka ja layi. Kowane dare kafin ta kwanta za ta sa ɗigo a gaban abu huɗu: zuciya, ciki, nono, barci. Babu ɗigo in lafiya lau. Ɗigo ɗaya in kaɗan ne, biyu in ya dame ta, uku in ya hana ta aiki ko ya haɗa ta faɗa da wani. Ranar jini kuma ta ja jan layi da biron 'yarta. Na roƙe ta kada ta sauya komai a ci da sha na wata biyu, don mu ga abin yadda yake. Wannan ne ya fi yi mata wuya, domin mutum in yana cikin damuwa magani yake so a miƙo masa, ba biro ba.

Da wata biyu suka cika muka baje littafin a kan tabarma. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai karanta shi. Zagayenta kwana 29 ne. Daga gama jini har kusan kwana 12 shafin fari fat. Saura kwana 9 sai ɗigon nono ya fara, sai na ciki, har zanenta ya riƙa matse ta. Saura kwana 6 sai na zuciya ya hau uku ya zauna. A rana ta biyu da fara jini komai ya ɗauke kamar an kashe fitila. Ta tuno ranar marin, ta ƙirga: saura kwana uku ne a lokacin. Ta ce, "Ashe abin yana da ranarsa." Ta fi minti biyar tana kallon shafin.

Kafin mu ci gaba na yi mata tambayar da dole a yi wa duk macen da ke cikin wannan hali. "A kwanakin nan, kin taɓa jin kin gaji da rayuwa har kika yi tunanin cutar da kanki?" Ta ce, "A'uzubillahi, Yaya, ban kai nan ba. Amma nakan ji da ma in hau mota in tafi inda babu wanda ya san ni." Na tambaya ne domin akwai nau'i mai tsanani da ake kira PMDD, wanda aka ƙiyasta yana samun mace 3 zuwa 8 cikin 100 masu al'ada. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sa shi cikin kundinsu a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a nata a 2019. Mai wannan ba a tsaya mata a kan gyaran abinci. Asibiti ake kai ta, akwai ƙwayoyin da ke daidaita sirotonin waɗanda wata ma a mako biyun ƙarshe na zagaye kawai take sha, akwai kuma wasu ƙwayoyin tsarin iyali da ke taimakawa.

Na kuma tura ta asibitin Manhyia da katin inshorarta, domin fatar idonta ta ciki ta yi fari, kuma jininta yana zuba da yawa. Gwaji ya nuna ma'aunin jininta 10.4, alhali mace marar ciki ana so ta kai 12. Wannan ba baƙon abu ba ne a Ghana, inda binciken lafiya na ƙasa na 2022 ya samu kusan mace 4 cikin 10 da ƙarancin jini. Ƙarancin jini ba shi ke kawo PMS ba, amma macen da ke jan jiki da ƙyar duk wata, in kwanakin nan suka zo sai su tarar da ita babu sauran ƙarfi. Aka rubuta mata ƙwayar ƙarin jini.

Abin da muka gyara

Na fara da kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, domin a cikin duk hanyoyin da ba na ƙwayar asibiti mai ƙarfi ba, yana cikin waɗanda suka fi samun hujja. A 1998 an buga sakamakon wani gwaji a Amurka da aka yi da mata sama da 460. Waɗanda suka sha miligiram 1,200 kullum, zuwa wata na uku alamominsu sun ragu da kashi 48 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar da babu komai a ciki, nasu ya ragu da kashi 30. Lambar ta biyu tana da muhimmanci kamar ta farko, domin ita ke bayyana dalilin da ya sa kowane mai magani a kasuwa yake da matan da za su rantse maganinsa ya yi musu aiki.

Da na bi abincinta sai na ga kalsiyam ɗin kaɗan ne ƙwarai. Da safe koko da ƙosai a tsaye, da rana wake da shinkafa, da dare tuwo. Babban mutum yana buƙatar kusan miligiram 1,000 a rana, kofin madara ɗaya kuwa yana ba da kusan 300. Ba sai an je babban kanti ba, abin yana nan a zango: wagashi a kan wake da shinkafa, burkina ta gero da nono, ƙananan busassun kifin nan da ake ci har da ƙashi, miyar kuka, zogale, riɗi. Likita ya ƙara mata da ƙwayar kalsiyam bayan ya tabbatar ba ta da tarihin tsakuwar ƙoda. Muka raba lokaci: ƙwayar jini da safe, kalsiyam da abincin dare, domin in aka haɗa su ɗaya yana tare wa ɗaya hanya. Shayi ma haka yake yi wa ƙwayar jini.

Sai goro. Da shi take korar barci, rabi da asuba, rabi da hantsi, wani da la'asar, in maigida yana gari kuma a zauna shan ataya har dare ya yi nisa. Duka biyun suna da kafeyin, wanda ke ƙara bugun zuciya da ɗar-ɗar, ya kuma lalata ɗan barcin da ya rage. Ban ce ta daina ba, na san ba za ta ji ba. Muka yi yarjejeniya: babu goro bayan azahar, kuma a kwana 10 na ƙarshe babu ataya.

Gishiri kuwa ta ce ai ba ta cin gishiri. Na ce ta ƙirga dunƙulen da take murzawa a miya, da busasshen kifi mai gishiri, da shito, wato soyayyen yajin nan na Ghana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya. Sai ga wani abu da ban zata ba: in cikinta ya kumbura, jar kanwa take jiƙawa ta sha, kamar yadda ta ga iyaye suna yi. Kanwa kuwa cike take da sinadarin sodiyam, shi ne dai wanda ke cikin gishiri yake sa jiki ya riƙe ruwa. Wato tana ƙara wa abin da ke damunta ƙarfi da hannunta. 'Yar kanwar da ake jefa wa ayoyo ba ita nake nufi ba, ta sha a kofi nake nufi. Hujjar bincike a kan rage gishiri da goro ba ta kai ta kalsiyam ƙarfi ba, amma ba su cin kuɗi, kuma hawan jini ya yi yawa a unguwanninmu.

Da na ambaci motsa jiki dariya ta yi. "Yaya, bayan wannan wahalar kuma wane motsi ya rage?" Tana da gaskiya, sai dai tsayuwa a gaban kasko daban, tafiya mai sa numfashi ya ɗaga daban. Ana so a samu minti 150 a mako. Ta daina hawa pragya, wato keke mai ƙafa uku, zuwa inji, ta riƙa ba yaro kayan ya yi gaba, ita ta bi a ƙafa da sauri, minti 20 zuwa, 20 dawowa.

A ganina, abin da ya fi komai nauyi shi ne barci. Mace ta kwanta ƙarfe 11 ta tashi ƙarfe 3, shekara da shekaru. Ko dutse ne zai tsage. Littafin ya ba ta abin da ba ta taɓa samu ba, wato sanin ranar da wuya za ta zo. Sai ta tsara: a kwana 9 ɗin nan tana ɗaukar wata yarinya ta soya mata ƙosai, tana gama tata kafin magariba, tana kwanciya bayan isha'i, da rana kuma ta rufe ƙofa ta yi ƙailula ta awa ɗaya. Ribarta tana raguwa a makon, kuma ta yi ƙorafi a kan haka fiye da sau ɗaya.

Kwalbar cikin mota

A wata na biyu da fara gyaran ta ga kamar abin yana tafiyar hawainiya. Ta sayi wata kwalba a hannun mai talla cikin mota. Takardar jikinta ta ce tana maganin basir, sanyin mata, taifot, rashin haihuwa da "dattin ciki". Babu lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna, babu jerin abin da aka haɗa. Ta yi kwana biyu tana zawo, ba ta fita sana'a ba.

Ban yi mata faɗa ba, kuma ni ba mai raina itatuwa ba ce. Ghana tana da cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong ta Akuapem tun 1975, jami'ar KNUST da ke nan Kumasi tana ba da digiri a fannin tun 2001, wasu asibitocin gwamnati ma suna da sashensa. Mai son ganye ga ƙofar da zai bi. Itacen da aka fi gwadawa a kan wannan matsala shi ne Vitex agnus-castus na yankin Bahar Rum. A wani gwaji a Jamus da aka buga a 2001, da mata 170, kashi 52 cikin 100 na masu shan sa sun samu sauƙi sosai, a kan kashi 24 na waɗanda aka ba ƙwayar banza. Ɗan uwan ɗinyarmu ne a dangi, amma ba ɗinya ba ne, kada wata ta tafasa ganyen ɗinya da sunan ta samu. Mai ciki, mai shayarwa da mai shan ƙwayar tsarin iyali ba sa taɓa shi sai da izinin likita. Bitamin B6 shi ma yana ɗan taimakawa, amma ba a wuce miligiram 100 a rana, domin yawansa yana lalata jijiyoyi, hannu da ƙafa su riƙa dindiris. Citta kuwa, wadda kokonta ke cike da ita, aikinta ya fi bayyana a kan ciwon mara na kwanakin jini. Mai Koko ba ta sha ko ɗaya daga cikin biyun farko ba.

Mutanen gida

Da izininta na nuna wa maigidan littafin. Direba ne, ya san darajar lissafin kwanaki. Ya juya shafi uku, ya ce, "Anti, ashe ba ni take nufi ba." Maganar zuwa gida ta mutu daga ranar.

Sai dai wata matsalar ta ɓullo, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Duk lokacin da ta yi maganar kuɗin cefane, sai ya ce, "Kwanakinki ne suka zo." Ilimin da aka ba shi don ya tausaya ya zama abin toshe mata baki. Nan ma littafin ne ya raba gardama. Ta buɗe masa fararen shafuka ta ce, "Maigida, yau babu ɗigo ko ɗaya, kuma kuɗin nan ba ya isa." Kwanakin suna ƙara wa magana zafi ne, ba su ke ƙirƙiro ta ba. Yanzu duk wata magana mai nauyi a farkon zagaye suke yin ta. Haka nan na gaya mata a fili cewa sanin dalili bai wanke marin ba. Ta zaunar da 'yarta ta ba ta haƙuri, ta kuma bayyana mata abin da ke faruwa, abin da mu iyayenmu ba su taɓa yi mana ba.

Hajiya har gobe tana kawo rubutu, ban kuma hana ba, addu'a ba ta faɗa da kalanda. Wata rana ta ce mini, "'Yar nan, mu a zamaninmu ba mu san wannan ba." Na ce, "Hajiya, haihuwa nawa kika yi?" Ta ce goma sha ɗaya, kowanne da shayarwa kusan shekara biyu. Na ce to al'ada nawa kika gani ke nan a tsakani? Ta yi lissafi da yatsu, ta yi murmushi. Macen da ta haifi uku tana ganin zagayen wata ninkin ba ninkin na wadda ta haifi goma sha ɗaya.

A wata na uku da fara gyara, ranakun ɗigo uku a layin zuciya sun sauko daga 6 zuwa 2. Kumburin ciki ya ragu ƙwarai. Tsamin nono yana nan, sai dai ya zama ɗigo ɗaya. Jininta ya hau 11.8. Da azumi ya zo komai ya koma baya: ga kasuwar kokon buɗa-baki, ga girkin sahur, ga ataya bayan tarawihi, barci ya tarwatse, ɗigo uku ya koma kwana 5. Bayan salla da wata biyu ya sake sauka. Mun yi alkawari da ita cewa in ranakun ɗigo uku suka kai 5 wata biyu a jere ba a cikin azumi ba, ko kuma tunanin hawa motar nan ya rikiɗe ya zama wani abu da ya fi shi muni, ba za mu ƙara wani ganye ko wani abinci ba, likitan mata za mu je tare.

Littafin bashi na farko ya cika, tana kan na biyu. A makon jiya ta leƙo ɗakina da sassafe kafin ta fita, ta ce, "Yaya, saura kwana goma, na gaya wa yarinyar ƙosai ta zo gobe." Sai ta rage murya ta ce 'yarta ta fara ganin nata, ko akwai wani ƙaramin littafi a wajena da zan ba ta.